Suleja: Gwagwarmayar ma'aikatan lafiya da ji-ta-ji-ta kan rigakafi a ƙofar Abuja

Kowace asuba motoci kan kwashi ma'aikata daga Suleja, su ratsa Madalla da Zuba zuwa ofisoshin gwamnatin tarayya. A can ake tsara manufofin rigakafi, amma a unguwannin da suka baro ne ake gwada su. Lokacin da mai ɗiga maganin shan inna ta yi sallama, maigida yana Abuja, kuma amsar da ma'aikatan rigakafi suka saba ji a Arewa ita ce bai ba da izini ba. Sau da yawa abin da ya hana shi bayarwa wani saƙon murya ne da aka turo masa ta WhatsApp.

Shakkun yana da tushe, kuma ma'aikacin da bai san tushen ba zai sha wuya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa da yara kimanin 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Trovan ba rigakafi ba ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka yaɗa cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa, jihar Kano ta dakatar da shi har watan Yulin 2004, lokacin da aka kawo wanda aka sarrafa a Indonesiya. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 kuma aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano.

Sanarwar rediyo kaɗai ba ta juya lamarin ba. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamiti kan kiwon lafiya a matakin farko, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, inda hakimai da masu unguwanni suka ɗauki nauyin shawo kan gidajen da suka ƙi. UNICEF ta horar da mata 'yan sa kai daga cikin unguwanni, masu zuwa suna da barka, waɗanda matan gida suka sani tun kafin zancen allura. Waɗanda shan inna ta nakasa ma sun riƙa bin ma'aikata gida-gida. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Tsarin yana da wuyar aiki a Suleja. Garin na da sarauta mai tushe, Sarkin Zazzau Suleja Malam Muhammad Awwal Ibrahim ma tsohon gwamnan Neja ne, amma tsadar haya a Abuja ta cika shi da baƙi masu harsuna da addinai daban-daban, da yawansu ba su san mai unguwarsu ba. Nan dole a haɗa da limami da fasto, da ungozoma, da mai kemis na bakin layi, wanda shi ake fara tambaya in jikin yaro ya yi zafi.

Tambayoyin iyaye kuwa ba duka ne na jahilci ba. Me ya sa ake kawo ɗigo kyauta har gida, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma sai an saya? In an ce an kawar da shan inna, me ya sa ake ci gaba da zuwa? Ta biyun tana da amsa: ɗigon yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana, kuma inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, takan daɗe tana yawo har ta rikiɗe ta koma mai shanye ƙafa. Ma'aikaciyar da aka koya wa faɗin haka da Hausa ko Gwari ta fi wadda aka bai wa takarda da Turanci. Haka nan gara a gaya wa uwa tun farko cewa allura kan kawo ɗan zazzaɓi da kumburi na kwana ɗaya ko biyu, kafin maƙwabciya ta fassara mata shi.

Ma'aikatan tarayya sun ɗanɗani nasu. Daga 1 ga Disamban 2021 aka wajabta musu nuna shaidar rigakafin korona ko sakamakon gwaji kafin shiga ofis. Tilas ya cika layin allura, amma bai share zargi ba.

Tsohon zancen hana haihuwa ya sake ɗagowa da rigakafin sankarar bakin mahaifa, wanda Hukumar Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta ƙaddamar a Oktoban 2023 domin 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Abuja na cikin rukunin farko, Neja sai a rukuni na biyu a Mayun 2024. Wato iyayen Suleja sun yi wata bakwai suna jin labarin allurar daga bakin abokan aiki da wayoyinsu kafin ma'aikaciyar lafiya ta iso makarantar 'ya'yansu da bayani.