Ka Ci Muruci, Ka Bar wa Jikoki Giginya

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal da Jega a lokacin ɗari, zai iske 'yan talla da muruci dafaffe, an ɗaura shi ƙulli ƙulli. Yara suna sonsa, manya ma ba su ƙi ba. Amma da yawa cikin masu cinsa ba su taɓa tsayawa sun tambayi kansu ko mene ne shi ba. Waɗansu suna tsammani saiwa ce irin ta rogo. Ba haka ba ne. Muruci jaririyar giginya ce wadda ba ta riga ta leƙo duniya ba. Watau duk wanda ya ci muruci guda, ya ci itace guda ke nan.

Giginya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. Da sunanta ake kiran filin da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya tari Turawan Ingila ran 15 ga Maris, 1903. Tana son wurin da ruwa yake kusa a ƙarƙashin ƙasa, kamar gefen fadama da bakin gulbi. Akwai namiji, akwai mace, macen kaɗai ke 'ya'ya. Kowane ɗa yakan ƙunshi ƙwallo har uku, daga ƙwallon nan kuwa muruci yake fitowa.

Ga yadda abin yake. Idan ƙwallo ya ji laima, ba sama yake fara nufa ba. Yakan fid da wata jijiya ta nutse cikin ƙasa kamar kamu guda ko fi. A ƙarshen jijiyar nan ne tsiron yake kafuwa, ya yi ta tsotse abincin da ke cikin ƙwallo yana tarawa har ya yi kauri. Wannan guzuri ne da jaririyar ta tanada domin ta ƙetare rani. Guzurin nan shi ne muke ci.

Nomansa ba wuya, ba ya kuma neman taki ko kuɗi. Ku tattara 'ya'yan da suka nuna suka faɗo da kansu, gama ɗanyen da aka kaɗo ba ya tsira da kyau. Bari yara su sha zaƙin, ku ajiye ƙwallayen a inuwa. Da damina ta kankama, wajen watan Yuni, ku zaɓi wuri mai rairayi inda ruwa ba ya kwanciya. Ku sassabe shi, ku tara ƙasa ta yi tudu mai laushi, domin jijiyar ta sami hanya, tonon kuma ya zo da sauƙi. Sa'an nan ku jera ƙwallayen kusa da juna, ku rufe su da ƙasa kaurin yatsa huɗu. Ku kewaye wurin da ƙaya saboda dabbobi. In ruwa ya ɗauke da wuri, a riƙa yayyafa masa kaɗan.

Bayan wata shida zuwa takwas, watau tsakanin Disamba da Fabrairu, muruci ya isa tono. Alamarsa ita ce tsinin ganyen fari ya soma huda ƙasa kamar bakin mashi. Kada a yi jinkiri daga nan, gama ganyen zai shanye garin, ya bar muku zare kawai. Ku fara tono daga gefen tudun, kada fartanya ta sare su. A cire ɓawon, a wanke, a dafa sosai har ya yi laushi, gama ɗanye yana da ɗaci. Abinci ne mai gari, yana riƙe ciki, yana kuma zuwa a lokacin da aikin gona ya ƙare, uwargida tana neman abin da za ta ɗora wa talla.

Ba mu kaɗai muka san wannan ba. A kudancin Indiya da arewacin Siri Lanka akwai wata 'yar'uwar giginya wadda suke shuka ƙwallonta kamar yadda muke yi. Mutanen Jafna sukan shanya murucinsu ya bushe, su niƙa shi gari, su ajiye har wata da watanni. Uwargida tana iya gwada haka da abin da bai sayu ba, maimakon ya lalace.

To, ina matsalar take? Giginya mai jinkiri ce ƙwarai. Takan yi shekaru tana ganye a ƙasa kafin gangar jikinta ta taso, ta kuma ƙara waɗansu shekaru masu yawa kafin ta haihu. Ana sarar manya domin kyami, gama gara ba ta cinsa da sauƙi, magina suna nemansa don rufin soro. Ana kwashe 'ya'yan duka domin muruci. Ɗan abin da ya tsira da kansa kuma, akuya ko wutar daji ta gama da shi. In an sare uwa, an cinye 'ya'ya, daga ina wata za ta fito? Kurmin giginya ba ya ƙarewa rana ɗaya. Sai dai a wayi gari a ga tsofaffi kaɗai ke tsaye, babu matashiya ko ɗaya a gindinsu.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga wannan da idonsu a Dallol Mauri, wajen Gaya, inda giginya ta fi yawa a ƙasarsu. Da kurmin ya soma raguwa, sai aka danƙa kulawarsa a hannun mutanen ƙauyuka a shekarun 1990. Suka tsara sara, suka riƙa shuka ƙwallo a gonakinsu suna tsare ƙanana. A 2004 aka sa kwarin cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Abin da ƙauye ya yi, gida ma yana iyawa. Cikin kowane ƙwallo goma da kuka tara, ku ware ɗaya. Kada ku sa shi a tudun muruci da nufin dasawa daga baya, gama giginya ba ta son a ɗaga ta. Ku binne shi a inda za ta zauna, a kan iyakar gona, taku goma tsakanin wannan da wancan, ku kafa masa ƙaya. Ku shuka da yawa, domin ba a gane namiji da mace sai sun yi fure. In tilas ta sa a sare, a sare tsohon namiji, amma kada a ƙare su duka, gama mace ba ta haihuwa in babu namiji kusa. Kada kuma ku ji tsoron za ta hana gero da wake, inuwarta ba ta taruwa a gindi. Shi ya sa ake cewa, inuwar giginya, na nesa ka sha sanyi.

An saba faɗar karin maganan nan don zargi. Amma a nan, mai karatu, na nesan su ne jikokinka. Giginyar da kake cin murucinta yau, wani ne ya ƙyale ta tun ba a haife ka ba. Bana in damina ta sauka, ka kira yaran gidanka, ka ba kowa ƙwallonsa ya binne da hannunsa, ya kuma san nasa ne.