Gano Rubutun da Ba a Fassara ba a Cikin Manhaja: Darasin Japananci da Matsalar Hausa

Gabatarwa

Kafin a mayar da manhajar kwamfuta zuwa wani harshe, wajibi ne a zaƙulo duk jimlolin da masu tsara ta suka cusa cikin rubutun tushenta, a ware su domin masu fassara. Duk jimlar da ta kuɓuce, haka za ta bayyana ga mai amfani cikin harshen asali. Wannan maƙala ta duba yadda ake gano irin waɗannan jimloli a Japananci, da dalilin da ya sa dabarar ba ta wadatar da Hausa.

Dabarar Japananci

Tsarin Yunikod ya keɓe wa kowane harafi lambarsa. Hiragana na tsakanin U+3040 da U+309F, Katakana daga U+30A0 zuwa U+30FF, akasarin Kanji kuwa daga U+4E00 zuwa U+9FFF. Tunda da haruffan Latin ake rubuta umarnin manhaja, injin bincike na iya tsamo duk layin da ke ɗauke da harafi daga waɗannan gidaje, ba tare da ya fahimci ma'ana ba.

Matsalar Hausa

Rubutun boko da Ingilishi suna tarayya a haruffa. Alamar da injin zai dogara da ita ita ce haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, sai ƴ da aka fi sani a Nijar. Amma jimloli da dama ba su da ko ɗaya daga ciki, kuma marubuta kan yar da ƙugiyar. Haka kuma kalmomi irin su "sake", "take" da "dare" suna nan a Hausa da Ingilishi da rubutu iri guda.

Ƙasar Kabi ta ƙara fito da matsalar fili. A manhajar da aka tsara domin bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta amince da shi a 2016, "Matan Fada" sunan kogi ne, "Sarkin Ruwa" kuma sarauta ce. Injin da ya ɗauke su a matsayin saura zai jawo a fassara abin da bai kamata a taɓa ba. Sannan ƙamusun Daidaitacciyar Hausa ba zai gane "hwara" ta karin harshen yamma ba, inda yake tsammanin "fara".

Kammalawa

Abin da siffar harafi ta warware wa Japananci, sanin harshe ne kawai zai warware wa Hausa. Don haka akwai buƙatar masana Hausa da na kwamfuta a cibiyoyi irin su Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi su haɗa hannu wajen tattara jerin kalmomi da ya ƙunshi kare-karen harshe da sunayen wurare da na sarautu.