Ƙurajen Da Ruwan Wanka Ke Kawowa

'Yan'uwa manoma, da bazara mukan ga yara a Durun da sauran ƙauyukan Kabo da Gwarzo sun fito da jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi, sai a ce ƙurajen zafi ne. Wani lokaci kuwa ruwan wanka ne ya jawo su.

Akwai ƙwayar cuta mai suna Sudomonas, wadda ke son ruwa mai ɗumi da ya daɗe a ajiye. A Amurka likitoci suka bayyana wannan ciwo a 1975, wurin mutanen da suka yi wanka a kwamin ruwan zafi marar isasshen kulorin. Mu ba mu da irin wannan kwami, amma muna da duron da ke wuni a rana, da tankin lambu, da soson da ba ya bushewa.

Ƙwayar takan shiga ta ƙofar gashi. Bayan kwana 1 ko 2 ƙuraje su feso, musamman inda jiƙaƙƙen wando ya manne. Yawanci sukan warke da kansu cikin kwana 7 zuwa 10. Kada a matse su. In da zazzaɓi ko ciwon kunne, ko sun ƙi warkewa, a tafi asibiti.

A lura, ƙaiƙayin da ke bin wanka a dam dabam ne, yana iya zama farkon tsargiya. Da an ga jini a fitsari, kada a jira.

Kowane mako mu juye duro, mu kankare santsin ciki, mu bar shi ya bushe. Kowa ya riƙe sosonsa, ya shanya shi a rana. Tankin ƙungiya kuma, a sa mutum guda ya lura da wankinsa.