Tsohuwar kwamfuta: kafin a jingine ta, a canza mata faifai

A shagunan gyaran kwamfuta na Maraɗi, Damagaram da Yamai, kukan ɗalibai da masu buga takardu kusan ɗaya ne: na'ura ta yi nauyi, sai an gaji da jira kafin ta tashi. Yawancinsu na gwanjo ne, kuma sau da yawa matsalar tana ga faifan ajiya.

Tsohon faifai, wato HDD, juyawa yake yi kamar faifan garmaho, yana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa. Sabon samfuri, SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, yana kai wa megabait 500. Da an sauya shi, a kunnawar farko ake ganin bambanci.

Sai ƙwaƙwalwar aiki, RAM. Ƙara ta daga gigabait 4 zuwa 8 na rage sanƙarewa, amma Windows mai bit 32 ba ya amfani da abin da ya wuce 4. Haka kuma DDR4 ba ta shiga gurbin DDR3, don haka ɗan'uwan da zai aiko da kaya daga waje ya fara tambayar lambar samfurin na'urar.

Gyaran yana da iyaka. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kafa don daina tallafa wa Windows 10, kuma Windows 11 na buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, wadda SSD ba ya samarwa. Kwamfutar da ba ta da ita tana iya komawa Linux Mint, wanda kyauta ne.

Kafin a kwance ko kusa ɗaya, a kwashe takardu da hotuna zuwa wani ma'aji.