Gidan ƙasa na zamani: Abin da 'yan ci-ranin Adar za su duba kafin su aiko kuɗin siminti

A Keita, Buza da Madawa, da zarar ɗan ci-rani ya samu a Abijan ko Libiya, abin da yake fara aikowa gida shi ne kuɗin siminti da kwanon rufi. Gidan siminti ya zama shaidar cewa tafiya ta yi albarka. Sai dai a watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kwano ba ya kwantuwa, sai iyali su fito da tabarmi tsakar gida.

Bangon ƙasa mai kauri kuwa a hankali yake shan zafin rana, sai dare ya raba yake sakin sa. Aibin tsohon gini yana wajen rufi: soro na cin azara da itace, itace kuma a Adar da gumi aka same shi. Tun 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, yankin Buza, don tare iska. A 1984, cikin fari, aka soma aikin Keita da tallafin Italiya da hukumar FAO, mata suka yi dakon duwatsu, aka dasa miliyoyin itatuwa. Wanda ya ga wannan wahala ba zai so a sare su don rufin ɗaki ba.

Magani ya daɗe a ƙasar. Tun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina a Nijar rufin tulluwa da tubalin ƙasa zalla, babu sanda ko ɗaya.

Misalin da ya fi jan ido yana nan cikin jihar Tawa, a Dandaji. A 2018 Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili, ƙwararru a zanen gini, suka kammala sabon masallacin garin da bulon jar ƙasa da inji ke matsewa, suka mayar da tsohon ɗakin karatu. Tsohon aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Su biyun suna cikin waɗanda suka zana gidajen Niamey 2000 a Yamai a 2016, benaye da irin wannan bulo, masu tsakar gida da inuwa. Wanda ke ganin ƙasa ginin talaka ce, ya je ya gani.

Babban abokin gābar ginin ƙasa ruwa ne, kuma daminar 2024 ta rusa gidaje da dama a Nijar. Bangon da aka ɗora kan tandagaryar ƙasa daga gindi yake fara ciwuwa. A nan Adar ta yi sa'a, don dutsen da aka tare zaizaya da shi a tuddan Keita, shi ne zai yi harsashi. Sauran aikin na indararo ne mai tsawo, da duba yaɓe kafin saukar ruwan farko.