Sana'ar Makonni Uku: Dillalan Inshorar Ma'aikata a Amurka

Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, akwai wasu mutane a Amurka da iyalinsu ba sa ganinsu sai dare ya raba. Yau suna ɗakin cin abincin wata masana'anta tun asuba, don su tare masu tashi daga aikin dare kafin su kama hanyar gida. Gobe suna asibiti ko gidan kula da tsofaffi, an ajiye musu teburi a wani lungu, ga kwamfuta ga tarin takardu. Ma'aikata na shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da 'yan mintocinsa. A wannan ɗan zama ake yanke likitan da mutum da matarsa da 'ya'yansa za su iya gani a shekara mai zuwa, da abin da za a riƙa cirewa daga albashinsa, da wanda zai karɓi kuɗi idan ta Allah ta kasance.

Waɗannan su ne dillalai da mashawartan inshorar ma'aikata, kuma tsarin ƙasar ne ya haifi sana'arsu. Kusan rabin Amurkawa, mutum fiye da miliyan 150, ta wurin aiki suke samun inshorar lafiya. A 1929 asibitin Jami'ar Baylor da ke Dallas ya yi wa malaman makarantun garin tayi: kowa ya biya santi 50 a wata, in ya kwanta a kula da shi har kwana 21. Daga nan inshorar Blue Cross ta samo asali. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnati ta hana ƙarin albashi a 1942, ga kuma ƙarancin ma'aikata, sai kamfanoni suka koma jawo mutane da inshora, tunda ba a lissafa ta a cikin albashi. Dokar haraji ta 1954 ta tabbatar cewa kuɗin da kamfani ya biya wa ma'aikaci na inshorar lafiya ba a cire masa haraji. Tun daga lokacin lafiyar Ba'amurke ta ɗaure da wurin aikinsa.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Binciken shekara-shekara na gidauniyar KFF ya nuna cewa a 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali ya kai dala 25,572 a shekara, ma'aikaci na biyan kusan 6,300 daga ciki, kamfani ya cike sauran. Kuma sau ɗaya ake buɗe ƙofar zaɓi a shekara, galibi mako biyu ko uku, sabon tsari ya fara aiki ran 1 ga Janairu. Dalili biyu ne. Ana cire kason ma'aikaci kafin haraji, don haka doka ta ce abin da ka zaɓa kafin shekara ta kama, shi za ka riƙe har ta ƙare. Na biyu, da a buɗe ƙofar take kullum, da mutane sun jira sai ciwo ya kama su sannan su shiga. Ana ɗaga wa mutum ƙafa ne kawai in ya yi aure, ko an yi masa haihuwa, ko aure ya mutu, ko ya rasa wata inshorar da yake kai. Nan ma wa'adi gare shi, galibi kwana 30. Wanda ya ce bari sai mai jego ta yi arba'in sannan ya sa sunan jariri, yana iya tarar da an rufe.

Sana'ar hawa biyu ce. A sama akwai dillalin da ke hulɗa da masu kamfani. Shi aikinsa tun bazara yake farawa, lokacin da kamfanin inshora ya aiko da takardar sabunta yarjejeniya, wadda kusan kullum ƙarin farashi ne a cikinta. Sai ya duba abin da ma'aikatan suka ci na magani a bara, ya nemi farashi daga wasu kamfanonin, ya yi ciniki, ya kawo wa mai kamfani tsari biyu ko uku da za a shimfiɗa wa ma'aikata. Manyan gidajen wannan harka su ne irin su Mercer da Aon da WTW da Gallagher da Lockton, sai dubban ƙananan ofisoshi masu kula da gareji da gidan burodi da shagon mutum ashirin. A ƙasa kuma akwai mai zaman teburi, wanda ke fuskantar ma'aikaci ido da ido ko ta waya. Da yawansu aikin kaka suke yi: a ɗauke su na wata biyu ko uku, a biya su kuɗin yini ko la'ada, in an rufe rajista kowa ya kama gabansa. Kowane hawa kake, sai ka ci jarrabawa ka karɓi lasisin sayar da inshorar rai da lafiya, kuma jihohi ne ke bayarwa, don haka mai aiki a jiha biyar lasisi biyar zai riƙe.

Jarin mai teburi na gaskiya shi ne lissafi, da iya faɗarsa yadda mai share ɗakin asibiti zai gane. Lamba uku yake so kowa ya riƙe. Ta farko, abin da ake cirewa daga albashi ko ka yi ciwo ko ba ka yi ba. Ta biyu, kason farko, wato kuɗin da za ka fara kashewa daga aljihunka kafin inshora ta sa hannu. Ta uku, iyakar abin da za a iya caje ka a shekara, wadda in ka kai ta, sauran na kamfanin inshora ne. Mutane kan zuba ido ga lamba ɗaya su manta biyu.

A ce ga tsari biyu. Na farko ana cire dala 200 a wata, kason farkonsa 500, iyakarsa 3,000. Na biyu ana cire 80, kason farkonsa 2,000, iyakarsa 4,000, amma kamfani zai zuba maka 500 a asusun ajiyar magani. Ido na ganin 2,000 sai gaba ya faɗi, hannu ya tafi ga na farko. To amma a shekara na farko ya ci 2,400 daga albashi, na biyu 960. In shekarar ta zo lafiya lau, mai na biyu ya tsira da 1,440, ga 500 a asusu. In kuma ta zo da tiyata har aka kai iyaka, mai na farko ya kashe 5,400, mai na biyu 4,460. Ta kowace fuska na biyu ya fi sauƙi. Ba tatsuniya ba ce irin wannan kuskure. Masana uku, Saurabh Bhargava da George Loewenstein da Justin Sydnor, sun bi zaɓin ma'aikata fiye da 20,000 a wani babban kamfani, suka wallafa a 2017 cewa fiye da rabinsu sun ɗauki tsarin da ya fi wani tsada ko da wane irin ciwo shekara ta zo da shi, kuma masu ƙaramin albashi da masu shekaru sun fi faɗawa ciki.

Sai dai ƙwararre ba ya tsayawa a lissafin takarda, kuma nan nake ganin ake gane wanda ya iya. Tsari na biyu ya fi arha a ƙarshen Disamba, amma in yaro ya karye a Janairu, dala 2,000 ake nema yanzu, asusun kuwa bai taru ba tukuna. Matar da albashinta ke ƙarewa kafin wani ya shigo tana iya ƙin kai yaron asibiti, ko ta riƙa raba ƙwayar hawan jini biyu don ta kai mata wata. Irin wannan, ƙarin da za ta biya a tsari na farko kwanciyar hankali take saya, kuma tana da gaskiya. Shi ya sa mai teburi ke yin tambayoyin da ko maƙwabci ba ya yi: akwai maganin da ake sha kullum a gidan? Ana sa ran haihuwa? Akwai aikin da likita ya ce a yi aka ɗaga? In aka ce kawo dala dubu gobe, akwai? Sai ya buɗe jerin asibitoci da likitocin da tsarin ya ƙulla da su, ya nemo sunan likitan yaran, domin wanda ke ciki bana yana iya fita baɗi. Ya buɗe jerin magunguna ya ga matakin da aka sa insulin ɗin mutum. A irin tsarin da ake kira HMO sai likitanka na farko ya tura ka kafin ka ga ƙwararre, kuma in ka fita jerin, ban da gaggawa, kai za ka biya. Wanda ake kira PPO ya fi sakin mara, ya kuma fi tsada.

Asusun ajiyar ma iri biyu ne masu kama da juna, kuma rikita su na jawo asara. HSA, wanda doka ta kafa a 2003, na mai tsarin babban kason farko ne, kuɗin nasa ne har abada, ko ya bar aikin. A 2025 ana iya zuba har dala 4,300 ga mutum ɗaya, 8,550 ga iyali. FSA kuwa in shekara ta ƙare ba ka kashe ba, yawanci ya tafi, sai ɗan abin da kamfani ya yarda a tsallakar.

Hausawan Nijeriya da Nijar da Gana da ke aiki a asibitoci da rumbunan kaya a unguwar Bronx da sauran wurare kan zo teburin da tambayar da fom ɗin bai tanadar wa gurbi ba. Iyali a wurin inshora shi ne abokin aure ɗaya da 'ya'ya, waɗanda dokar Obama ta 2010 ta ba su damar zama kan inshorar iyaye har shekara 26. Tsohuwar da aka ɗauko daga gida galibi ba ta shiga. Ɗan riƙo ba ya shiga sai da takardar kotu. Ma'aikacin gwamnatin tarayya a Nijeriya ya san irin wannan iyaka, tunda tsarin inshorar lafiya na NHIA mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 yake ɗauka, saura sai an biya musu daban. Mashawarci nagari zai faɗi gaskiya tun a teburi, domin kamfanoni kan bi su nemi takardar aure da ta haihuwa, wanda ba shi da hujja a cire shi.

Akwai layi ɗaya a ƙarshen fom da mutane ke tsallakewa don an gaji: sunan wanda zai karɓi kuɗin inshorar rai. A shari'ar Egelhoff, wani ma'aikacin Boeing ya rabu da matarsa a 1994, bayan wata biyu ya rasu sanadin haɗarin mota, bai canza sunan ba. 'Ya'yansa na auren fari suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a 2001 cewa kuɗin na wadda sunanta ke rubuce ne. Musulmin da ke son a raba abin da ya bari bisa gado, ya sani kamfanin inshora ba ya tambayar malami ko dangi, sunan da ke takarda yake bi. Minti ɗaya ne tambayar, kuma mashawarcin da ya yi ta ya kashe rigimar da za ta iya raba zumunci.

Saura maganar la'ada, wadda ita ce raunin sana'ar. A kara, kowa ya san dillalin shanu na da kasonsa, a gaban mai saye da mai sayarwa ake cirewa. A nan kuwa mai kamfani ne ke ɗaukar dillali ya nemo masa sauƙi, amma bisa al'ada kamfanin inshora ne ke biyansa, kuma kaso ne na farashin. Rahoton da Marshall Allen ya yi wa ProPublica a 2019 ya ce kason kan kama daga 3 zuwa 6 cikin 100, ban da tukuici da tafiye-tafiyen shaƙatawa ga wanda ya kawo ciniki mai yawa ko ya hana kamfanoni sauya sheƙa. Ke nan duk ƙarin da ya ƙona ma'aikaci, ƙarin samu ne ga wanda aka ɗauka ya hana shi. A teburi ma haka. Bayan inshorar lafiya akwai ƙananan inshorori na ganin dama, na haɗari da na babban ciwo da na kwanciya asibiti, irin waɗanda Aflac da Colonial Life suka yi suna da su, kuma la'adar shekarar farko a kansu tana da tsoka. Suna da amfani ga wasu. Amma mai teburin da la'ada ce abincinsa yana iya gaggauta bayanin babban tsari ya ɓata rabin zaman a kan waɗannan, ma'aikaci ya tashi an ƙara masa cire-cire uku da bai zo da niyyarsu ba.

Ban ɗauki masu sana'ar a matsayin macuta ba. Da yawansu su ne ke kwana kan waya a Janairu don katin wani bai iso ba ga shi a kantin magani, su ne ke bin takardar asibitin da aka ƙi biya har a biya. Wasu sun daina karɓar kaso daga kamfanonin inshora, sun koma yanka wa mai kamfani kuɗin aiki tsayayye, kuma ina ganin hanyar da ta dace ke nan. Majalisar dokokin ƙasar ma ta taɓa abin: tun ƙarshen 2021, dillalin da ke sa ran samun dala 1,000 ko fiye daga tsarin lafiyar wani kamfani dole ya bayyana a rubuce nawa zai samu, kuma daga wa. Sai dai mai kamfani ake miƙa wa takardar. Ma'aikacin da ake cirewa daga albashinsa ba ya ganinta, in yana son sani sai ya tambayi mai teburi da bakinsa ko albashi ake biyansa ko la'ada, kafin ya sa hannu.