Ciyawar da Ta Gagari Maganin Feshi

A shekarar 2000 manoman waken suya a jihar Delawa ta Amurka suka ga abin da ba su saba gani ba. Sun fesa maganin gilafoset kamar kullum, sauran ciyayi duk suka bushe, amma wata ciyawa da ake kira hoswid ta tsaya kore shar. Mark VanGessel na Jami'ar Delawa ya gwada ta, ya tabbatar cewa maganin ya daina cin ta. Ba a jima ba aka same ta a gonakin auduga na Tenesi, aka same ta a Ohayo da Indiyana, a 2010 kuma ta ɓulla a Ontariyo ta Kanada.

Maganin bai lalace ba. Kamfanin Monsanto ya fito da shi a 1974 da sunan Roundup, a 1996 kuma ya fito da irin waken suya da maganin ba ya kashewa. Daga nan manoma da yawa suka ajiye garma, suka koma feshi kaɗai, magani ɗaya, sau biyu ko uku a damina, shekara da shekaru. A cikin dubban tsirrai ba a rasa ƙalilan da halittarsu ta ba su damar kulle maganin a wani lungu na ƙwayoyin ganye kafin ya kai inda zai yi kisa. Feshi ya share 'yan'uwansu, ya bar musu fili su hayayyafa.

Ita kuwa hoswid gwana ce wajen yaɗuwa. Tushe ɗaya na iya zubar da iri kusan 200,000, kowanne da ɗan gashi da iska ke ɗauka ta kai shi nesa. Wato sakacin maƙwabci na iya zama asararka. Irin ƙanana ne ƙwarai, a saman ƙasa kawai suke tsira. Da za a yi huɗa a binne su, yawancinsu sun mutu ke nan. Shi ya sa ta fi addabar gonakin da aka daina huɗa.

Lokacin feshi shi ne kan gaba. Hoswid takan fara ne shimfiɗe a ƙasa kamar faifai, daga baya ta miƙe har ta kusa tsayin mutum. Malaman gona a can suna cewa a far mata kafin ta wuce santimita 10. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ta yi kara, magani sai dai ya ƙone kanta, ta sake tofowa ta gefe. Sannan ba a dogara da magani guda. Manoman can sukan haɗa gilafoset da 2,4-D ko dikamba, su ƙara wanda ke zama a ƙasa ya hana sabon tsiro, kamar metiribuzin a gonar wake ko atarazin a gonar masara. Bayan 2,4-D sai an jira mako guda ko fiye kafin a shuka wake, in ba haka ba shukar ta ji jiki. Dikamba ma tana da nata sharrin: a 2017 tururinta ya bi iska ya nannaɗe ganyen wake a miliyoyin eka, musamman a Akansas da Misuri, har maƙwabta suka yi ta kai juna ƙara.

Me ya haɗa mu da wannan labari? Gilafoset ɗin nan shi ne a cikin da yawa daga robobin maganin ciyawa da ke jere a kasuwanninmu, sunayen kamfani ne kawai suka bambanta. Manomi zai ce bana ya canza magani, alhali kwalba ya canza. A duba ƙananan rubutun da ke jikin robar, can aka rubuta sinadarin. Rage awo don lita ɗaya ta ishi gona biyu ba tattali ba ne, hanya ce ta barin ciyawa mai taurin kai da rai. Ƙara awo kuma, idan ciyawa ta riga ta gagara, zubar da kuɗi ne.

Duk wanda ya yi feshi daidai, bayan mako biyu ya ga wata ciyawa iri ɗaya tsaye a tsakiyar matattu, kada ya jira ta yi fure. Ya sa hannu ko fartanya ya cire ta, ya fitar da ita daga gonar, ya sanar da malamin gona na yankinsa.